Fumfuna da danshi bayan ruwa ya shiga gida: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Jidda da Makka

Wanda bai zauna a Jidda ba zai yi mamakin jin ana kukan fumfuna a ƙasar da ake shafe watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Mazauna garin kuwa sun sha gani. Ruwan ranar 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ya ci rayuka sama da 100, ya kuma yi kaca-kaca da unguwar Ƙuwaiza. An sake yi a Janairun 2011, sannan ranar 24 ga Nuwamban 2022 aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari. Duk da haka, yawancin gidajen da fumfuna ke ci ba su taɓa ganin ambaliya ba. Bututu ne ya tsage a cikin bango, ko tiyon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya toshe, ko banɗakin maƙwabcin sama yana tsiyaya a hankali. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi yi.

Ruwa ya janye daga ɗaki. Da me zan fara?

Da wutar lantarki. Kafin ƙafarka ta taɓa ruwan, a kashe babban makunnin gidan. In sai ka tsaya cikin ruwa kafin hannunka ya kai akwatin wutar, bar shi, ka nemi haris, wato mai gadin ginin, ya kashe daga wajen mita, ko ka buga lambar gaggawa 911. Soket ɗin da ruwa ya shanye ba a sake amfani da shi sai mai gyaran wuta ya buɗe ya duba, ko da a ido ya bushe, domin laka da gishiri suna maƙalewa a ciki suna cin wayar.

Daga nan ka ɗauki hoton komai tun ba ka taɓa ba: iyakar inda ruwa ya kai a bango, silin, kayan ɗaki. Za ka buƙace su ranar magana da mai gida.

Sai ka tantance wane irin ruwa ne. Na tanki ko na bututun famfo mai tsabta ne, abin da ya jiƙa yana iya tsira. Na titi kuwa, ko wanda ya taso ta magudanar banɗaki, ɗauke shi a matsayin ruwan bayara, wato ramin masai, don da wuya a ce bai gauraya da shi ba. Wannan najasa ce kuma da cuta a cikinsa, ba a shiga sai da takalmin roba da safar hannu. A kwashe ruwan da bokiti da abin jan ruwa na roba, ko da injin zuƙar ruwa in an samu. Injin share ƙura na gida ba a zuƙar ruwa da shi, yana iya jan mutum.

Kwana nawa nake da shi kafin fumfuna ta fito?

Awa 24 zuwa 48. Irinta yana yawo cikin iskar kowane gida kamar ƙura, ba ya jiran komai sai danshi da abin ci: takardar da ke jikin allon jibis (farin allon da ake silin da shi), katako, auduga, fata, har ƙurar da ta kwanta a kan fenti. A zafin ƙasar nan ma ta fi sauri. Abin da ya kwana biyu a jiƙe, ka ɗauka ta riga ta kama shi ko ba ka ga tabo ba.

Malam, in buɗe tagogi iska ta shiga, ko in rufe in kunna mukayyif?

Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin mun taso da sanin cewa abin da ya jiƙe iska da rana ke busar da shi. A Kano ko Damagaram lokacin hunturu haka ne. A Makka ma yawancin kwanaki haka ne, iskarta busasshiya ce, buɗe taga da fanka sun isa su yi rabin aikin. Jidda daban take. Iskar da ke tasowa daga Bahar Maliya, musamman da dare da kuma ƙarshen bazara, ta riga ta ƙoshi da ruwa. Iska mai zafin digiri 33 da danshin kashi 70 cikin 100, duk abin da ta taɓa wanda sanyinsa ya kai digiri 27 ko ƙasa sai ta zubar masa da raɓa. To bangon ɗakin da ya kwana da mukayyif ya fi haka sanyi. Ka buɗe taga don ka busar da shi, ka ƙara masa ruwa.

Don haka kada a yi aiki da zato. A sayi ɗan ma'aunin danshi mai batir, bai fi girman akwatin ashana biyu ba, ana samunsa a shagunan kayan gida. A ajiye shi minti 15 a ɗaki, minti 15 a waje cikin inuwa. In na waje ya yi ƙasa da kashi 50, a buɗe ko'ina. In ya haura 60, a rufe ƙofa da taga, a bar na'ura ta yi aiki.

Yadda ake saita mukayyif ma da magana. A sa shi kan alamar ɗigon ruwa, wato tsarin busarwa, ko a bar shi a digiri 24 zuwa 25. Kai shi 16 ba ya ƙara sauri: bango mai sanyi ƙalau ba ya sakin ruwan da ya sha. A haɗa da fanka ta ƙasa tana bugun gindin bango dare da rana, a buɗe ƙofofin kabad da durowa, a janye kaya daga jikin bango. Wanda ke da hali ya sayi ko ya ari na'urar tsotse danshi. Mai lita 20 a yini ta ishi ɗaki guda, a rufe ɗakin, a saƙala mata tiyo zuwa magudana don kada ta cika ta tsaya cikin dare. Abin nema shi ne ma'aunin ya sauka ƙasa da 60 ya zauna, in ya kai 50 ya fi.

Abu biyu ba a yi. Ba a kunna mukayyif sahrawi, mai aiki da ruwa da ciyawa, don shi danshi yake hurawa. Ba a kuma juya fanka kan fumfunar da ta riga ta tsiro, sai an wanke ta, in ba haka ba an raba irinta ga sauran ɗakuna.

Yaya zan san bango ya bushe da gaske?

Hannu ba ya faɗin gaskiya. Saman filasta yana bushewa cikin kwana biyu alhali bulon da ke ciki yana riƙe da ruwa makonni. A yanki farar leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a manna ta a bangon da salatif ta duk gefe huɗu, a bar ta kwana guda. In an ɗaga an ga gumi a cikinta, ko wurin ya fi kewayensa duhu, da sauran aiki. In gumin a bayan ledar yake, ta ɓangaren ɗaki, to bangon lafiya lau, iskar ɗakin ce ke da danshi. Katako kuma ana soka masa ma'auni mai allura biyu, kada a rufe shi ko a shafa masa fenti sai ya sauka ƙasa da kashi 16.

Akwai wani wurin ɓuya da ake mantawa. Gine-ginen ƙasar nan yawanci ana shimfiɗa yashi ne a ƙarƙashin tayil, wanda magina ke kira dafan, kaurinsa ya kan kai santimita 5 zuwa 10. Ruwa ya bi ta tsagar tayil ya shiga yashin nan, sama a bushe ƙarau, ƙasa kamar fadama. Daga can yake hawa bango, shi ya sa ake ganin naso ya zagaye ɗaki a tsayin taƙi ɗaya ko biyu bayan wata guda da ruwan. A ɗaga tayil ɗaya a lungu a duba. In yashin yana dunƙulewa a hannu, a ɗaga biyu ko uku a kusurwoyi daban-daban, a bar su a buɗe da fanka har ya koma gari, sannan a mayar a sake cike tsagogin.

Wani farin abu kamar auduga yana fitowa a gindin bango. Fumfuna ce?

Galibi gishiri ne. Murza shi: gishiri yana rugujewa kamar kanwa, yana narkewa a ruwa, ba ya wari. Fumfuna tana da santsi ko gashi-gashi, ba ta narkewa, tana warin tsohon rumbu. Gishiri ba ya cutar da numfashi, a kankare shi da busasshen burushi. Amma shaida ce cewa ruwa yana ratsa bangon, kuma a ƙasan benayen Jidda da ke kusa da teku, inda ruwan ƙasa ke kusa kuma da gishiri, zai yi ta dawowa har sai an sassaƙe filastar an yi wa bangon abin tare ruwa.

Me za a zubar, me za a iya ceta?

Ƙa'idar ita ce: abin da ke shan ruwa kuma ba ya shiga injin wanki, in ruwan titi ko na bayara ya taɓa shi, ya tafi. Katifa, matasan majalisa, wato falon zama, na soso, kafet ɗin da aka manne da ƙasa da sosonsa na ƙarƙashi, kwalaye, filo. Mun san da zafi, katifa ba arha ba. Amma soso mai kaurin taƙi ba ya bushewa har tsakiya kafin fumfuna ta riga ka, kuma wanda zai kwana a kai yana shaƙa awa takwas kullum.

In ruwa mai tsabta ne kuma ba a wuce kwana biyu ba, darduma da kafet mai naɗewa a fitar da su, a wanke, a shanya a rana a kan abin da iska ke bi ta ƙarƙashi, a juya su. Kabad na garin katako da aka matse, in gindinsa ya kumbura, ya gama yawo. Katako na ainihi yana tsira, sai dai a busar da shi a inuwa, rana tana tsaga shi. Ƙarfe, roba, gilashi da tangaran wanki kawai suke so.

Allon jibis kuwa yana tsotsar ruwa sama da inda ido ya gani. A ja layi santimita 30 zuwa 60 sama da iyakar ruwan, a yanke, a zare audugar gilashin da ke baya in akwai. Silin ɗin jibis da ya yi ciki saboda ruwa, a kashe wuta, a ajiye bokiti, a huda shi da ƙusa daga gefen kumburin, kada a tsaya a ƙarƙashinsa. Yana iya riƙe ruwa jarka guda ya rufto gaba ɗaya.

Yaya ake wanke ta daga bango ko tayil?

In faɗin wurin bai wuce murabba'in mita 1 ba, mutum zai iya da kansa. A fitar da yara, tsofaffi, mai ciki da mai asma. A sa takunkumi N95 wanda ya kama fuska sosai, na likita mai shuɗi ba ya tare irinta, gemu mai yawa kuma yana hana shi zama. A sa safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu da tabarau marar huji. A kashe mukayyif da fanka, a rufe ƙofar da ke shiga sauran gida, a toshe ƙarƙashinta da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagar waje.

Kada a kankare ta a bushe. A fesa mata ruwan sabulu tukuna don ta kwanta, a goge da burushi da sabulun wanke-wanke har tabon ya fita, a share da tsumma mai tsabta. Wannan gogewar ita ce aikin. Bayan ta, in ana so, a shafa ruwan Clorox, wato bilic: kofi 1, wato mililita 240, cikin ruwa lita 4. A bar shi minti 10, a ɗauraye, a busar da wurin a ranar. Ga sauran wuraren da ruwan titi ya taɓa amma ba fumfuna, kofi 1 cikin lita 19 ya isa. A haɗa sabo kullum da ruwan sanyi, na jiya ƙarfinsa ya tafi. Tsummoki da soso a ƙulle su a leda tun a ɗakin kafin a fita da su, a yi wanka, a wanke kayan jiki su kaɗai.

In ta wuce haka faɗi, ko tana cikin bututun mukayyif na tsakiya, ko ruwan bayara ne ya kawo ta, a nemi masu sana'ar. Kafin a yi ciniki a tambaye su yadda za su gano tushen ruwan da yadda za su auna bushewa. Wanda bai zo da komai ba sai abin feshi da gwangwanin fenti, a sallame shi.

An ce in an haɗa Clorox da Flash ya fi ƙarfi. Haka ne?

Kul! Flash ruwan asid ne na wanke masai, in ya haɗu da Clorox yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma banɗaki ƙarami marar taga shi ne mafi munin wurin da za ta tashi. Haka haɗa Clorox da ruwan khal, wato binega, ko da abin goge gilashi mai amoniya. Ko zuba ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗauraya ba duk haɗawa ce. Wanda ya shaƙa ya fita iska nan take, ya wanke ido da ruwa mai yawa, in tari ko sarƙewar numfashi bai lafa ba a kira motar asibiti a 997. A gaya wa duk mai taya aikin gida wannan magana baki da baki.

To Clorox ko khal, wanne ya fi?

A tayil, gilashi da tangaran, Clorox. A katako, Clorox yana cire launin tabon ne ya bar saiwar a ciki, ga ruwan da ya ƙara masa, don haka sabulu da burushi, a busar, sannan a goge da sanfefa. Farin khal ba sirki yana taimakawa a ƙananan wurare, amma yana cin marmara. Clorox kuma yana cin alminiyon da ƙarfe. Ko wanne aka ɗauka, matacciyar fumfuna ma tana tayar da atishawa da asma, sai an cire ta daga wurin.

Na wanke, na yi sabon fenti mai maganin fumfuna, bayan wata biyu ta dawo. Me ya faru?

Ruwan bai tsaya ba. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango rufe tukunya ne tana tafasa: zai kumbura, ya yi ƙuraje, ya ɓare. Wurin da tabon yake ya kan nuna mai laifi.

In bango ɗaya ne kuma bayansa banɗaki ko kicin ne, bututu ne ko tsagar tayil. Gwada haka: cika tankin sama, kashe famfon turo ruwa, rufe kowane famfo a gidan, yi alama a iyakar ruwan, ka duba da asuba. A zagayayyen tanki mai faɗin mita 1, saukar santimita 1 kusan lita 8 ke nan. In ya sauka, fara da tankin masai: zuba ɗan kalar abinci a ciki, in bayan minti 20 launin ya bayyana a kwanon ba a ja ba, robar ƙasansa ce ta mutu, gyaran 'yan riyal kaɗan. In ba shi ba ne, a kira sabbak, wato mai gyaran famfo, ya gwada layukan da matsin iska ko ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya fasa ko'ina.

In a silin ne kuma kai ne a hawan ƙarshe, hau rufin. Sau da yawa bakin indararo ne ya toshe da ƙura, leda da gashin tattabaru, ruwa ya kwanta har ya sami tsaga. Ko tankin sama ne ke ambaliya saboda ƙwallon da ke tsayar da shi ya lalace. In za a sake shimfiɗa kwalta mai naɗi, a tabbata kowane faifai ya hau ɗan'uwansa da santimita 10, ya kuma hau katangar rufin da santimita 20 zuwa 30, don nan ne ake ha'inci. Kafin a biya cikon kuɗi a toshe indararo, a tara ruwa santimita 5, a bar shi awa 48, a duba silin daga ƙasa.

In kuwa ɗige-ɗigen baƙi ne a kusurwa, a bayan kabad, ko kewaye da bakin mukayyif, ba tare da naso ba, wannan raɓa ce. Maganinta rage danshin ɗaki. A bar tazarar santimita 10 tsakanin kabad da bango, a bar fankar banɗaki tana aiki minti 20 bayan wanka, a kunna ta kicin in ana dahuwar da ke daɗewa a wuta. Shanyar wanki guda a cikin ɗaki tana sakin ruwa kusan lita 2 a iska, ga numfashin mutane a gidan da ake da yawa.

Mukayyif ɗina yana warin danshi in an kunna, wani lokaci yana ɗigo a bango.

Aikinsa ke nan ya tatsi ruwa daga iska, ruwan ya taru a tire ya bi tiyo ya fita. Ƙura ta haɗu da ruwan ta zama yauƙi ta toshe tiyon, tiren ya cika ya zubo cikin bango. A cire ragar tace iska a wanke duk mako biyu, ta bushe kafin a mayar. A duba tiyon: ya gangara ba lanƙwasa, bakinsa kada ya nutse cikin jarkar da ake tara ruwan. Na taga kuma a ɗan karkata shi waje, kamar santimita 1, a toshe ramukan gefensa da iskar waje ke bi. Haska tocila cikin bakin mai rataye a bango ka ga fankarsa mai kama da gora: in ta yi baƙi da ɗige-ɗige, a kira mai wanki ya wanke ta da jakar tare ruwa, aƙalla sau ɗaya a shekara kafin zafi. Kafin a kashe shi a bar shi kan fanka zalla na rabin awa don cikinsa ya bushe. Wanda ya fi ƙarfin ɗaki ma matsala ne: yana sanyaya wuri cikin minti kaɗan ya tsaya tun bai tatsi ruwan ba, sai ɗaki ya yi sanyi mai danshi.

Jarkar nan kuma a riƙa zubar da ita. Zazzaɓin dengi ya zauna a Jidda tun 1994, sauron da ke kawo shi a ruwa mai tsabta yake ƙwai, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi.

Ruwan titi ya shiga tankinmu na ƙasa.

A daina sha da girki da shi, a kashe famfon da ke tura shi sama tun bai ɓata na saman ba. A zuƙe, a kwashe laka, a goge bangon, a duba tsaga da murfi. Sannan a cika, a zuba Clorox marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 5, lita 1 ga kowace lita 1,000 ta ruwa, a buɗe famfuna har a ji warinsa, a rufe, a bar shi awa 12 zuwa 24, a zubar, a sake cikawa. Mutum ɗaya ba ya shiga tanki shi kaɗai, ba a kuma kunna injin fetur a ciki ko a bakinsa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari, a rami tana kashewa kafin a ankara.

Hajiya ce ke tambaya: akwatunan lefen 'yata sun jiƙe, shadda da leshi sun fara tabo.

Hajiya, ki fitar da su yau, kada ki jira Juma'a. A kakkaɓe su a waje, da takunkumi. Farar auduga da zannuwan gado a wanke da ruwa mai zafin digiri 60. Shadda, atamfa da leshi ba sa son Clorox, zai cinye launi: a jiƙa su da garin cire tabo mai iskar oksijin bayan an gwada a bakin zane, ko a kai wa masu wankin tururi a gaya musu fumfuna ce. Jaka da takalmin fata a goge da sifirit da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a busar a inuwa. Akwatin kansa a wanke cikinsa, ya yini biyu a buɗe a rana. In kwali ne a ƙarƙashin shafinsa kuma warin ya ƙi fita, a haƙura da shi. Nan gaba a ɗora akwatuna a kan katako, kada su zauna a tayil ko su jingina da bangon banɗaki.

Alƙur'ani da littattafai fa?

Wanda ya ɗan jiƙe a tsayar da shi a buɗe kamar tanti gaban fanka, a sa farar takarda mai tsotsa bayan kowane shafi 20 zuwa 30, a riƙa canzawa. In ya kusa bushewa a danne shi da nauyi. Wanda ya sha ruwa sharkaf kuma ba lokacin kula da shi, a sa shi a leda a ajiye a firiza: sanyi yana tsayar da fumfuna har a samu sarari. Haka za a yi wa fasfo da takardun makaranta. Mus'hafin da ya lalace har ba ya karantuwa a kai masallaci, akwai inda ake tara irinsu.

Buhun shinkafa da gyada sun jiƙe ta gefe ɗaya. In shanya?

In ruwan titi ne, a zubar duka. In danshi ne ya sa gyada, masara, gero ko yaji suka yi fumfuna, su ma a zubar. Wasu nau'o'in fumfunar Aspergillus suna barin dafin afalatoksin mai lalata hanta, wanda suya da tafasa ba sa kashewa, kuma kada a ba dabba. Burodi da dabino mai laushi ba a yanke gefen da ya ɓaci a ci sauran. Abincin gwangwani da bai lotsa ko kumbura ba yana tsira: a cire takardarsa, a wanke, a jiƙa minti 15 cikin ruwa lita 4 da babban cokali 1 na Clorox.

Gaskiya ne baƙar fumfuna tana kisa?

Launi ba ya nuna haɗari. Wadda ake tsoro, Stachybotrys, tana son jibis da kwalin da suka daɗe a jiƙe, amma baƙaƙen suna da yawa, kore da fara ma suna cutarwa. Abin da ya tabbata, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara a 2009, shi ne zama a gida mai danshi yana ƙara tari, toshewar hanci, shessheƙa da tashin asma, musamman ga yara. Masu haɗari na gaske su ne waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni: mai shan maganin daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da wanda tarin fuka ya bar wa rami a huhu. Waɗannan su bar gidan har a gama. Tari da jini, zazzaɓin da ya ƙi sauka ko sarƙewar numfashi, asibiti kai tsaye. Biyan kuɗi don a auna iska a faɗi sunan nau'in ba ya canza komai a aikin.

Turaren wuta ba ya kashe ta?

Ba ya yi. Yana rufe warin ne, warin kuwa shi ne ɗan saƙon da ke gaya maka akwai jiƙaƙƙen wuri a ɓoye. A bar turaren kwana biyu, a rufe ɗakin, a shigo daga waje a bi hanci.

Gidan haya ne. Wa zai biya gyara?

A buɗe yarjejeniyar da aka yi rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, a karanta sashen gyare-gyare. A bisa al'ada, abin da ya shafi ginin kansa, kamar rufi, tanki da bututun cikin bango, na mai gida ne, wankin mukayyif da ƙananan abubuwan da amfani ke cinyewa na ɗan haya. A sanar da shi a rubuce ranar da aka gani, da hoto da kwanan wata, ko da an yi magana baki da baki an rabu da fara'a. In daga maƙwabcin sama ne, a je da haris a yi sallama a nuna masa, sau da yawa shi ma bai sani ba. Amma kada a zauna jiran a gama shari'ar wa zai biya alhali kafet yana jiƙe.

Za mu tafi gida hutu wata biyu. Yaya za mu bar ɗakin?

A rufe babban famfon da ke shigo da ruwa, a buɗe na ƙasa a tsiyaye abin da ya rage, a kashe hita. A kwashe firij, a goge, a bar ƙofarsa a buɗe, haka ƙofar injin wanki. A buɗe kabad da ƙofofin ɗakuna, a jingine katifu a tsaye nesa da bango, kada a bar ko tawul ɗaya mai laima. A rufe tagogi ruf. A Makka wannan ya isa. A Jidda, in mukayyif yana da agogo, a saita shi ya yi awa 2 kullum kan tsarin busarwa, bayan an tabbata tiyonsa a magudana yake zuba. A bar makulli wurin amintacce ya leƙa duk mako, ya duba silin da gindin bango, ya zuba kofin ruwa biyu a kowace magudanar ƙasa, domin in ruwan da ke cikin lanƙwasarta ya ƙafe, wari da kyankyasai ta nan suke hawowa.